Ra'ayina akan pthread_kill da tgkill na Linux, bayan na sha aiki dasu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta kod. Yau ina so in faɗi ra'ayina akan wani ƙaramin kayan aiki dake cikin Linux wanda nasan da yawanmu mun ga sunansa mun wuce abinmu, wato pthread_kill, da kuma tgkill wanda shine ainihin mai yin aikin a can ƙasa wajen kanel, wato zuciyar Linux ɗin. Aikinsu ɗaya ne, su ɗauki sigina, wato ɗan gajeren saƙon da kanel ke katse shiri dashi, su kaita wa zare (thread, layin aiki ɗaya a cikin shiri) guda ɗaya tak a cikin furoses (shirin da ke gudana) mai zaruruwa da yawa, ba wai a wurga ta cikin taro duk wanda ya cafke shikenan ba. Kyauta ne, yana cikin glibc, wato laburaren C na GNU, duk Ubuntu ko Debian ko Fedora da ka ɗora yana nan zaune, ba kuɗin lasisi ba biyan kuɗin wata. In maki ake so, toh wajen kai saƙo inda aka aike shi na bashi biyar cikin biyar ba ragi, amma wajen sauƙin riƙewa biyu kawai zan bashi, kuma wannan tazarar dake tsakanin biyar da biyu ita ce duk abinda zan yi magana akai.

Aikin da ya haɗa ni dashi wani ɗan shiri ne da na rubuta da C, yana karanta bayanan inbata da na caja-kontrola na sola ta kebul ɗin USB yana turawa zuwa saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan. Kowace na'ura da zarenta, zaren yana zaune akan read yana jiran bayani ya shigo. Komai lafiya lau muddin na'urar na magana. Amma in inbata ta ɗauke wuta ta yi shiru alhali kebul na nan a sake, zaren nan zai zauna cikin read har illa masha Allah, ba ya dawowa, ba ya duba komai, kai kuma kana so ka ce masa tashi ka rufe wannan fot ɗin ka sake buɗewa, ba tare da ka taɓa sauran zaruruwan da ke ta aikinsu ba. Abu na farko da zai zo ma kowa a rai shine a rufe fayil ɗin daga wani zaren daban, toh a Linux wannan ba ya tada wanda ya riga ya shiga read, kanel na riƙe da fayil ɗin saboda shi, zai iya ci gaba da barcinsa. Anan ne pthread_kill ya nuna min amfaninsa. Na saka wa siginar SIGUSR1 mai tarba, wato fankshin ɗin da ke gudana in siginar ta iso, da sigaction, mai tarban ma fanko ne ba komai a cikinsa, ban saka SA_RESTART mai sa read ya koma jiransa bayan sigina ba, na ɗaga wata tuta da zaren ke dubawa, sannan na aika masa siginar. Nan take read ya dawo da -1, errno, inda ake ajiye lambar kuskure, ya nuna EINTR, wato sigina ta katse shi, zaren ya duba tuta ya ga an ce ya tattara, ya rufe fot ɗinsa da hannunsa ya fita cikin mutunci. Sauran zaruruwan ko motsi basu yi ba. Wallahi ranar na ji daɗin abin nan har raina.

Ga wanda bai saba ba, bambancin kill da pthread_kill kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Da kill kana tsaye a zaure ka yi sallama, duk wanda kunnensa ke buɗe a cikin gidan zai iya fitowa, ba kai ke zaɓa ba kanel ne ke zaɓa. Da pthread_kill kuwa ka shiga ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki ɗaya, in mai ɗakin ya toshe kunne saƙon zai tsaya a bakin ƙofarsa yana jira, ba za a kai wa maƙwabcinsa ba ko da maƙwabcin na zaune ba abinda yake yi. Kuma wannan alkawarin Linux na cika shi, ban taɓa ganin sigina da na aika wa zare ɗaya ta sauka akan wani ba.

In kana so ka gani da idonka kunna shirin ƙarƙashin strace -f -e trace=signal, shi strace yana nuna maka kiraye-kirayen da shiri ke yi wa kanel. Zaka ga layin tgkill ɗauke da abubuwa uku, lambar furoses, lambar zaren, sai sunan siginar, a ƙasansa kuma layin da ke nuna zaren ya karɓa da si_code=SI_TKILL. In da kill aka aiko SI_USER zaka gani a wurin. Wannan ɗan bambancin yana taimakawa sosai ranar da kake neman waye ya aiko sigina, daga waje ne ko daga cikin shirin.

Toh yanzu babban abin, wanda in baka riƙe komai ba dan Allah ka riƙe wannan. pthread_kill ba ya kashe zare ɗaya. Sam. Adireshin ne kawai na zare, amma abinda siginar zata aikata in ta isa na furoses ɗin ne gaba ɗaya. In ka aika SIGKILL wa zare na uku, ba zare na uku ne zai mutu ba, shirin duka ne zai faɗi da duk zaruruwansa da duk bayanan da basu kai ga ajiyewa ba. SIGSTOP ma haka, kowa ne zai daskare. SIGTERM in baka saka mata mai tarba ba, haka. Kai hatta SIGUSR1 ɗin nan da muke ɗauka mara cutarwa, in ka manta baka saka mata mai tarba ba, abinda take yi na asali shine ta kashe furoses, kaga mutum zai aika ta wai don ya ɗan taɓa zare ɗaya sai ya ga taminal ta rubuto masa cewa shirin ya mutu da sigina ta 10. Dalili kuwa teburin masu tarba guda ɗaya ne ga duk furoses, duk zaren da ya kira sigaction ya canza wa kowa ne, ba yadda za a yi zare na ɗaya ya tarbi SIGUSR1 da wannan fankshin zare na biyu ya tarbe ta da wancan. In kana son haka sai dai mai tarba guda ya duba a kan wane zare yake gudana ya raba hanya da kansa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, haka POSIX, wato ƙa'idar tsarin irin su Unix, ta tsara tun ƙa'idar zaruruwa ta 1995, kuma in ka yi tunani akwai hikima, don zare ɗaya da aka kashe yana riƙe da makullin malloc mai raba memori ya isa ya tsayar da kowa. Amma gaskiya shine abinda yafi yaudarar sababbin shiga, kuma sau da yawa in naga wani yana kuka da pthread_kill anan ya faɗa.

Abinda kowane zare ke da nasa na kansa shine shinge, wato jerin siginonin da ya toshe da pthread_sigmask, da kuma jerin waɗanda aka aiko masa suna jira. Kuma Linux ya buɗe wannan kowa ya gani, abinda na yaba sosai. Shiga /proc, lambar furoses, task, lambar zaren, ka karanta fayil ɗin status. Akwai SigBlk, shingen wannan zaren ne. Akwai SigPnd, waɗanda aka aiko masa shi kaɗai basu samu shiga ba tukuna. Akwai ShdPnd, waɗanda aka aiko wa furoses duka suna jiran duk wanda zai ɗauka. Lambobin da heks suke, kowace sigina da bit ɗinta, misali in zare ya toshe SIGINT da SIGTERM zaka ga 0000000000004002, in kuma SIGUSR1 ce ke maƙale a ƙofarsa zaka ga 200 a ƙarshen SigPnd. Ranar da wani zare ya ƙi tashi nan nake fara zuwa kafin in buɗe gdb, manhajar bin diddigin kuskure, da yawan lokuta sai kaga ashe ya gaji shinge ne daga wanda ya haife shi, don sabon zare da shingen mahaifinsa yake zuwa duniya, in ka toshe sigina a main kafin pthread_create toh duk 'ya'yan a toshe zasu taso sai wanda ka buɗe wa da hannunka. Ka kuma riƙa saka wa zaruruwanka suna da pthread_setname_np, haruffa 15 kawai yake ɗauka amma sun isa, sai top -H ya nuna maka "inbata-1" maimakon tarin lambobi.

Akwai wani tarko a taminal da ya kamata in ambata. Mutum zai yi ps -eLf ya ga lambar zare, sai ya buga kill -USR1 da lambar zaren, sai kuma abin ya yi aiki, ya ɗauka ai ashe kill ma na iya aika wa zare ɗaya. Ba haka bane. Kanel ya karɓi lambar ya gano furoses ɗin da zaren yake ciki ya saka siginar a layin kowa da kowa, kawai dai yana fara gwada wanda ka ambata ne in kunnensa a buɗe yake. Ranar da wannan zaren ya toshe ta, wani daban ne zai ɗauka. Don haka daga waje in kana son tabbas tgkill ne kawai, kuma umarnin kill na shel ba shi yake kira ba, sai ka rubuta 'yan layuka biyar na C da kanka. Wannan yana cikin abinda ya rage masa maki a wurina, kayan aiki mai kyau haka amma ba umarnin da kowa ke dashi a hannu na kiran shi daga taminal.

Sai maganar da tafi cin rai, tseren lokaci. Dabarar da na faɗa a sama ta tada zare daga read tana da rami a tsakiyarta. Zaren ya duba tuta ya ga ba a ɗaga ba, yana kan hanyar shiga read, a daidai wannan ɗan ƙiftawar kai kuma ka ɗaga tuta ka aika sigina, mai tarba ya gudana ya gama, sannan zaren ya shiga read ɗinsa ya kwanta, siginar ta riga ta wuce ba abinda ta katse. A laftof ɗinka zaka yi ta gwadawa baka gani ba, sai ka kai shi kan ƙaramar kwamfuta mai nauyin aiki sannan ya bayyana sau ɗaya a sati, kuma ya bayyana da tsakar dare. Maganin da aka tanada shine ppoll da pselect da epoll_pwait, ka bar siginar a toshe kullum, ka duba tuta, sannan kiran da kansa ya buɗe shingen a daidai lokacin da yake shiga barci, abu ɗaya ba rabuwa, in siginar ta riga ta iso tana jira toh nan take zai dawo da EINTR. Yana aiki tsaf. Wasu kuma hanyar ƙarfi suke bi, su yi ta aika siginar duk bayan 'yan milisakan har zaren ya amsa, itama tana aiki kuma a inda ba zaka iya canza kiran da zaren ke ciki ba, misali yana cikin laburaren wani, ita kaɗai ce mafita. Amma ka lura, da zarar ka koma ppoll ka riga ka zo bakin inda zaka tambayi kanka ko siginar ma ana buƙatarta, zan dawo kan wannan.

Shi kansa mai tarba ba wurin sakewa bane. Yana faɗo wa zare a ko'ina yake, ko yana tsakiyar malloc ko tsakiyar printf riƙe da makulli, in kai ma ka kira printf a cikin mai tarba sai zaren ya tsaya jiran makullin da shi da kansa ke riƙe dashi, shikenan an daskare. write ya halatta, _exit ya halatta, saka lamba a volatile sig_atomic_t ya halatta, malloc da printf da pthread_mutex_lock basu halatta ba. Ka ajiye errno a farko ka mayar a ƙarshe. Ni dai nawa fanko nake barinsa, inaga shine mafi zaman lafiya.

Wani abu da ban so ba ko kaɗan shine dabarar nan da ake yawo da ita ta aika sigina 0 don a duba ko zare na raye. A takarda tana da kyau, sigina 0 ba a aika komai, ana duba kuskure ne kawai. Amma a glibc shi pthread_t ɗin nan adireshin wani wuri ne a memori, in zaren ya mutu an riga an yi masa pthread_join, ko kuma sakakke ne ya fita, wurin zai iya zama an sake shi ko an bai wa sabon zare, toh kiran pthread_kill akansa ko shirin ya faɗi da SIGSEGV ko siginarka ta sauka akan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. POSIX cewa ta yi ba a san me zai faru ba, kuma da gaske take. Har ma zaren da ya gama amma ba a yi masa join ba, tsofaffin glibc ESRCH suke dawowa dashi, sababbi kuma 0, kaga kod ɗin da ya dogara da wannan zai canza hali kawai don ka sabunta saba. In kana son sanin ko zare na raye, kai ka riƙe lissafinka da tuta da makulli. Sannan kar a manta pthread_kill ba ya taɓa errno, lambar kuskuren yake dawo maka da ita kai tsaye, in ka kira perror bayansa ƙarya zai faɗa maka.

Wanda ya san yadda abin yake a da zai fi ganin darajar na yanzu. A LinuxThreads, tsohon laburaren zaruruwa da Xavier Leroy ya rubuta a 1996, kowane zare lambar furoses ɗinsa daban yake da ita, getpid a zaruruwa biyu amsa biyu yake bayarwa, in ka aika sigina da kill wa zare ɗaya kawai take zuwa ko da ya toshe ta sauran ba zasu ɗauka ba, ga wani zaren manaja a gefe yana kula da haihuwa da mutuwa, kuma a tsofaffin kanel laburaren ya cinye SIGUSR1 da SIGUSR2 don aikin kansa, kai mai shiri ba naka. Sai Ulrich Drepper da Ingo Molnar na Red Hat suka kawo NPTL, sabon laburaren zaruruwa, ya fara fitowa a Red Hat Linux 9 a 2003 sannan ya zauna daram da kanel 2.6, daga nan ne aka samu rabuwar nan mai tsafta ta siginar furoses da siginar zare. Shi tgkill an ƙara shi ne akan tsohon tkill saboda lambar zare ana sake amfani da ita, zare zai mutu wani shiri daban ya gaji lambarsa, in da tkill ne sai ka harbi baƙo, shi kuwa tgkill sai lambobin biyu sun dace zai aika. Abin mamaki glibc bata samar da fankshin ɗin gettid da tgkill kai tsaye ba sai a 2.30 a 2019, kafin nan kowa syscall yake kira da SYS_gettid, shiyasa har yau zaka ga wannan layin a tsofaffin kod ko'ina. In shirinka zai gudana akan tsohuwar saba toh ka bar shi da syscall ɗin, ya fi tafiya ko'ina.

Ita ma glibc da wannan hanyar take aikinta a ɓoye. Siginoni na 32 da 33 ta ware wa kanta, ɗaya na pthread_cancel ɗaya kuma na irin su setuid, don a wajen kanel kowane zare da shaidarsa, in ka canza mai amfanin da shirin ke gudana da sunansa sai ta bi zaruruwa ɗaya bayan ɗaya da sigina kowa ya canza tasa. Shiyasa SIGRTMIN a glibc 34 ne ba 32 ba, a musl kuwa, wani laburaren C ne daban, wato in kana cikin kwantenar Alpine, 35 ne. Kar ka taɓa rubuta lambar da hannu, rubuta SIGRTMIN+1 ka huta.

Kada kuma a ɗauke shi hanyar aika saƙonni tsakanin zaruruwa. Siginoni na 1 zuwa 31 ba sa layi, in ka aika SIGUSR1 sau goma zare ya toshe ta, in ya buɗe sau ɗaya zai gani, tara sun narke. Na 34 zuwa 64 suna layi kuma da pthread_sigqueue zaka iya haɗa musu lamba ko adireshi, amma layin yana da iyaka, ulimit -i zai nuna maka, in ya cika EAGAIN zaka samu. Duk wanda naga yana gina tsarin saƙo akan wannan nakan ce masa malam ga mutex da condition variable nan an yi su don haka, ka bar sigina ta yi aikinta na taɓa kafaɗa.

Don a inda taɓa kafaɗa ake so, ba abinda ya kama ƙafarsa, kuma manya sun shaida. Yaren shiri na Go tun 1.14 da ya fito a farkon 2020 yake aika SIGURG wa zare guda in wani goroutine, wato ɗan aikin Go da ke gudana akan zaren, ya kama lissafi ya ƙi sauka, ya tsayar dashi ya bai wa wani, sun zaɓi SIGURG ne don kusan ba mai amfani da ita kuma in ta iso ba mai tarba watsi ake yi da ita, amma duk da haka mutane suka fara ganin EINTR ya yawaita a shirye-shiryensu bayan sabuntawa, kaga ko su basu tsira daga kuɗin abin ba. In ka yi strace wa shirin Go mai aiki zaka ga tgkill da SIGURG suna ta zuba. Masu auna inda shiri ke cinye lokaci suma haka, timer_create da SIGEV_THREAD_ID yana sa agogon kowane zare ya aika masa SIGPROF shi kaɗai, mai tarba ya duba ina zaren yake a wannan lokacin ya rubuta. Wayar Android dake aljihunka ma, kowace manhaja tana da wani zare mai suna Signal Catcher da ke zaune yana jiran SIGQUIT, in manhaja ta daskare har aka nuno maka saƙon nan na ka jira ko ka rufe, shine ke tattara bayanin inda kowane zare ya tsaya. Wannan tsarin na Android shine nake ba kowa shawara akan siginonin waje irin SIGTERM da SIGINT da SIGHUP, ka toshe su a main tun kafin ka haifi kowa, ka ware zare ɗaya ya zauna akan sigwait, shi in ya karɓa a kod na yau da kullum yake ba a cikin mai tarba ba, zai iya printf zai iya kama makulli ba fargaba.

Masu Python ku kula, signal.pthread_kill yana nan tun 3.3 amma mai tarban da ka rubuta da Python a babban zare kawai yake gudana ko wa ka aika wa, don haka kar ka sa rai zaren da ka nufa ne zai gudanar dashi.

Wani zai ce me yasa ba pthread_cancel ba tunda shi an yi shi ne don tsayar da zare ɗaya. Na gwada shi, kuma a C zalla in ka yi haƙurin saka pthread_cleanup_push a duk inda ka kama wani abu yana aiki. Amma zaren ba shi ke zaɓar inda zai mutu ba, duk kiran da aka lissafa a matsayin wurin sokewa zai iya zama kabarinsa, a C++ kuwa in wani catch mai ɗigo uku ya haɗiye abin bai sake jefawa ba shirin duka ne zai faɗi, sannan laburaren bionic na Android bai ma dashi kwata-kwata. Da pthread_kill da EINTR zaren ne ke farkawa ya duba ya yanke hukunci da kansa, ni wannan ya fi kwanta min.

Yanzu shirin solar nan mafi yawansa ba sigina yake amfani da ita ba. Kowane zare na bashi eventfd nasa, wato ɗan fayil mai riƙe lamba da ake tada mai jira dashi, wanda yake cikin Linux tun 2.6.22, yana poll akan fot ɗin na'ura da eventfd ɗin tare, in ina so ya tashi in rubuta 1 a ciki, ba tsere ba mai tarba ba EINTR, in na rubuta kafin ya shiga poll ma yana shiga zai tarar. In kod ɗin naka ne daga sama har ƙasa wannan zaka bi, ba sai an yi dogon zance ba. Inda na bar pthread_kill wuri biyu ne kuma ban ga abinda zai maye gurbinsa ba. Na ɗaya wani laburare da ba nawa ba wanda ke shiga read a cikinsa bai bani damar saka eventfd ba. Na biyu ranar da shiri ya maƙale a saba, in aika wa kowane zare SIGRTMIN+1 ɗaya bayan ɗaya kowa ya zubo inda yake tsaye a fayil da backtrace_symbols_fd, da sharaɗin ka kira backtrace sau ɗaya tun farkon shiri don ya loda abinda yake buƙata kafin ranar, in ba haka ba kiran farko zai nemi memori a cikin mai tarba.

Takardun bayaninsa suna da kyau amma a warwatse suke, shafin pthread_kill ɗin gajere ne ƙwarai, ainihin naman yana man 7 signal da man 7 signal-safety da man 7 nptl, sai ka haɗa ukun kafin hoton ya fito. In kana gdb kuma ka buga handle SIGUSR1 nostop noprint pass tun farko, in ba haka ba duk siginar da ta wuce sai ya tsayar da kai. Ga masu sabon kanel, daga 6.9 na 2024 pidfd_open ya samu PIDFD_THREAD, zaka iya riƙe zare ɗaya da fayil ka aika masa da pidfd_send_signal, lambar ko an sake amfani da ita ba zata kai ka ga baƙo ba, sai dai ka fara buga uname -r akan sabar da zaka ɗora shirin, don da yawa har yanzu akan 5.15 ko 6.1 suke.